Shuɗi Biyu a Jikin Mota Ɗaya

Mu huɗu muka taru muka kashe wa Kawu ido: Baba, Mama, yayana da ake kira Injiniya, sai ni. Na sa kaina a ƙarshe ne don ni ce auta, ba don laifina ya fi na kowa ƙanƙanta ba. Duk ranar da na faɗi haka a gida, Mama takan ce bakina ba shi da linzami, wai tsufa ne ya kama yayanta kamar yadda yake kama kowa. Tsufa bai taɓa shi ba. Ina tsaye aka fara abin, da bakina aka ƙarasa shi, shi ya sa na ga gara in rubuta ko zuciyata ta sarara.

Wata Talata da safe Kawu ya tashi da zazzaɓi. Shi ne wan Mama, kuma shi ke tuƙa motar gidanmu tun ban san hagu da dama ba. Baba ya ce ya koma ya kwanta, Injiniya ya kai ni asibitin da nake koyon aikin jinya. Injiniya ko lasin bai yi ba a lokacin, amma a gidanmu abin da Injiniya ya ce ya iya, to ya iya.

A kwanar da ke bayan gidan mai wayarsa ta yi ƙara, ya sunkuya ya duba. Ni na riga shi ganin mai keken. Dattijo ne da koriyar riga, ya ɗaure wani kwali a baya. Kafin murya ta fito daga bakina na ji ƙarar, ba ma wata mai ƙarfi ba, kamar an saki tukunya a ƙasa. Na waiga. Keken yana kwance, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai, mutumin kuwa yana gefen kwalta, fuska a ƙasa. Na ce ya tsaya don Allah. Ya ce in rufe masa baki, in ya tsaya mutane za su cinye mu ɗanye. Ya taka mai, muka zagaya ta baya muka dawo gida.

Baba ya fito ya tarar da madigadin dama, wato ƙarfen da ke saman tayar gaba, ya loɓa ciki, fitila ta tsage. Bai tambaye ni komai ba. Ya ja Injiniya zuwa ɗakinsa, Mama ta bi su, aka turo ƙofa. Da suka fito an riga an gama shirya labari. Saura wata ɗaya Injiniya ya fara aiki a wani kamfanin gine-gine, kuma Baba ya ce babu ɗan da zai fara rayuwarsa daga ofishin 'yan sanda yana raye. Ni kuma aka ce ban ga komai ba, littafina nake karantawa.

Daga nan Baba ya wuce ɗakin Kawu da ke bakin ƙofar gida. Na bi shi da ruwan zafi, don haka na ji da kunnena. Ya ce yaron nan ya gogi turken ƙarfe a gidan mai, abu kaɗan ne, amma tun da ba shi da lasin, gara a ce Kawu ne ke tuƙi. Kawu yana lulluɓe da bargo yana rawar sanyi, ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara talatin yana riƙe da sitiyari bai taɓa goge ko kaza ba, yau ga shi ya yi haɗari a kan gado. Ya ce ba komai, a faɗa. Shi ya goyi Injiniya a wuya yana yaro, shi ya koya masa inda birki yake.

Matsalar ita ce duk layinmu an san tuƙin Kawu. Mai shagon bakin ƙofa ya ce in dai Kawu ne ya bugi turke, to turken ne ya taso ya tare shi. Direbobin da ke zama a benci da yamma suka yi ta dariya, ba wanda ya yarda. Sai Mama ta samo abin da za a yarda da shi. Ina jinta tana faɗa wa maƙwabciyarmu ta kan katanga, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tausayi, cewa idon Yaya ne ya fara, sun daɗe suna lura, kunya ce ta hana su faɗa. Kafin magariba maganar ta kai ƙarshen layi.

Kwana uku zazzaɓin ya sake shi. Ya fito da bokiti zai wanke motar kafin a kai ta gareji, don shi ba ya kai wa kowa mota da datti. Ina shanya a tsakar gida ya kira ni. Ya durƙusa gaban fitilar da ta tsage, ya sa farce ya zaro wani abu daga cikin tsagar, ya ɗaga shi a rana. Zare ne kore, bai kai tsawon yatsa ba.

Ya ce, "Auta, wane irin turke ne yake sa koriyar riga?"

Na ce ni littafina nake karantawa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to, Allah ya ba da ilimi mai amfani.

Bayan la'asar ya sami Baba a falo. Ya ce ba turke ba ne, mutum ne, kuma ya kamata a je kwanar a tambaya, a bi asibitoci, ko ba a faɗi suna ba a san halin da bawan Allah yake ciki. Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya. Ya tambaye shi ko yana so ya ga ɗan ƙanwarsa a tsare a bayan kantar 'yan sanda. Ya ce, "Kawun yara, in ka buɗe baki ba ni ka tona ba. Ita ka tona." Ya nuna ɗakin Mama da haɓa. Kawu ya miƙe ya fita.

Baba ya ba gareji kwana biyu, ya ce ko ana ha-maza-ha-mata a gama. Mai gyaran jiki ya buge loɓar, mai fenti ya yi feshi. Ranar da Baba ya je duba aikin, mai fenti ya tambaye shi me motar ta buga, don shi bai ga alamar ƙarfe a wurin ba. Ya kuma ce wasu mutane sun zo jiya suna bin gareji-gareji, suna tambayar shuɗiyar mota mai rauni a gaba. Baba ya dawo gida fuskarsa kamar an shafa toka. Aka kawo motar da yamma, hadari ya rufe sama, aka shigar da ita rumfa. Kowa ya zagaya ya ce aiki ya yi kyau, har Kawu.

Da safe rana ta fito, sai ga abu a fili. Motar duk shuɗi ce mai haske, wanda ya sha rana ya koɗe, amma madigadin dama shuɗinsa ya ciza, ya yi duhu, kamar an ɗinka wa tsohuwar riga sabon hannu. Daga tagar ɗakina na hango shi, ko tabarau ban sa ba.

Kawu ya riga kowa gano dalili. Rumfar motarmu gajera ce, shekara da shekaru gindin motar na cikin inuwa, hancinta na waje yana shan rana. Shi kuwa mai fenti, yadda suke yi, murfin tanki yake cirewa ya tafi da shi inda ake haɗa launi, a gwada a kansa. Murfin tankin yana baya, wurin da rana ba ta ci ba. Ya haɗa shuɗin baya ya fesa a gaba, ya duba a ƙarƙashin kwanon gareji inda komai ɗaya ne, ga kuma Baba a kansa yana gaggawa. Kawu ya yi mana wannan bayanin yana shafa wurin, har da ɗan jin daɗin mutumin da ya san aikinsa. Ya ce abu mai sauƙi ne, a mayar, a haɗa launin a rana da jikin bonet, wato murfin inji, a ɗan watsa shi zuwa ƙofa don ya saje.

Baba yana tsaye da kofin shayi. Na ga idonsa ya sauka a wurin, na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Ya gani sarai. Amma mayar da motar yana nufin komawa wurin mai fentin nan mai tambaya, da mutanen da ke bin gareji.

Ya ce, "Ni fa ban ga komai ba."

Kawu ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ce Maigida ya matso nan, ya tsaya ta inda rana take. Baba ya matsa, ya tsaya, ya ce launi ɗaya ne. Ya kira Mama, ta fito tana goge hannu, ta dubi fuskar Baba kafin ta dubi motar, ta ce lafiya lau, kamar sabuwa. Injiniya ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce ɗaya ne mana. Sai Kawu ya juyo gare ni, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Ya ce, "Auta, ke fa?"

Na ce, "Ɗaya ne, Kawu."

Mama ta yi ajiyar zuciya ta ce ai dama ta faɗa, idon nan sai an duba shi.

Na yi wa kaina alkawari kwana biyu ne, ƙura ta lafa in same shi in gaya masa. Kowa a gidan yana da irin tasa hujjar. Baba ya ce rufin asiri ne, kuma mutumin da ake ci da shi ake sha da shi, ba a ce ya ba da jini ba, shiru kawai aka roƙa. Injiniya ya ce shi bai sa kowa ya ɗauki laifinsa ba, Kawu da bakinsa ya ce a faɗa. Ta Mama ce ta fi ci mini rai. Na same ta a ɗakin girki na ce abin nan fa ba kyau, ta ce in zaɓa mata tsakanin ɗan da ta haifa da wan da ya riga ya ci zamaninsa. Ta ce ido ai ba a ƙwaƙule masa ba, magana ce kawai.

Daga magana aka zo makulli. Tun da an gaya wa duniya ba ya gani, ba zai yiwu a gan shi a kan sitiyari ba. Baba ya karɓi makullin a hankali, da sannu da lallashi, wai sai ya ɗan huta. Aka yi wa Injiniya lasin cikin sati ɗaya. Aka sayo tamfol ana rufe motar da zarar ta shigo, in zai fita kuma sai ya fita da wuri ya ajiye ta hanci a bango. Wankin mota kaɗai aka bar wa Kawu.

Kullum da safe sai ya yaye tamfol ɗin ya tsaya. Ya duba ta hagu, ya duba ta dama, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan. Ya ja baya har bakin ƙofa, ya dawo ya kusan manna hanci. Da zai leƙa waje ya kira mai shago, ko ɗaya daga direbobin benci, da magana ta ƙare cikin minti ɗaya. Amma kiran bare ya kalli wurin nan daidai yake da nuna masa Injiniya da yatsa, kuma Kawu ba zai yi ba. Amanarsa ce ta kulle shi a cikin gida tare da mu. Mu huɗu ne kaɗai zai iya tambaya, mu huɗun kuma bakinmu ɗaya.

Sai ya shiga gwada kansa. Ya zauna a ƙofar gida yana karanta lambar motocin da ke wucewa, ya ce in duba ko ya yi daidai. Daidai yake yi, har waɗanda ni sai na ƙanƙance ido. Ya ari allurar Mama ya zura zare sau uku a jere. Ya nuna mata, ta ce ai ciwon ido iri-iri ne, wani daga launi yake farawa. Ban san inda ta samo wannan ba, amma ta faɗe shi kamar a littafi ta karanta.

Ni ma ba zaman lafiya nake ba. In na buɗe taga abin da ke fara gaishe ni ke nan, shuɗin nan mai duhu, ko da tamfol a kansa ina ganinsa. Na daina bi ta kwanar gidan mai. A asibiti duk dattijon da aka shigo da shi a gadon turawa sai na leƙa rigarsa. Wani lokaci ina tsakiyar auna zafin jikin mara lafiya sai tayar keken nan ta dawo mini tana juyawa. Har yau ban san ko mutumin ya tashi ba.

Wata na biyu Kawu ya nemi hanyar fita. Wata makaranta a bayan layinmu tana neman direban bas ɗin ɗalibai, shugabar kuma ta san shi. Ya goge rigarsa mai aljihu biyu, ya je, ta gwada shi a filin makaranta, ya shigar da bas ɗin da baya tsakanin bishiya biyu ba ko ƙwarzane. Ya dawo yana tafiya kamar saurayi. Ya ce mini akwai ɗaki a makarantar, zai koma can, ya huta kowa ya huta.

Baba ya ji, ya kira Mama. Kawu a waje, cikin mutane, da bakinsa da idonsa, abin da ba za su iya kwana da shi ba ke nan. Washegari Mama ta yafa mayafi ta tafi makarantar. Ta gaya wa shugabar cewa ita ba za ta ci amana ba, yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma 'ya'yan mutane ne za a ɗora masa, kuma kwanan nan ya bugi turke da rana tsaka. Shugabar ta yi mata godiya har da riƙe hannu. Aka aiko wa Kawu cewa an sami wani. Da ya tambayi Mama, ta ce don Allah ta yi, kuma gobe shi zai gode mata.

Ranar bai ci abinci ba. Da safe ya ce shi dai a kai shi likitan ido, a yi ta ta ƙare. Mama ta ce ita za ta raka shi, ni kuma aka ce in bi su tun da na san asibiti. Likitan ya sa shi karanta allo, ya karanta har layin ƙasa. Ya nuna masa hotunan ɗigo-ɗigo masu launi, ya faɗi lambobin ciki ɗaya bayan ɗaya. Likitan ya ce idon Kawu ya fi na wasu samari, sai dai tabarau na karatu in yana so. Sannan ya ce bari ya duba can ciki don a cika aiki, ya ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido.

Wannan maganin na san shi, a aji aka koya mana, da hannuna na taɓa ɗiga wa mutane. Yana sa gani ya dushe, haske ya riƙa soka, na wasu sa'o'i, daga nan ya wuce. Likitan ya faɗi haka, amma Mama yake kallo yana faɗa, lokacin Kawu yana can yana goge hawaye da hannun riga. Mama ta ce mu jira ta a waje tana da tambaya. Minti biyu ta yi ta fito da fuskar makoki.

Muna fita rana ta doke shi, ya kare fuska, ya yi tuntuɓe a matakala. Ya ce, "Me ke nan? Komai ya zama hayaƙi." Mama ta kama hannunsa. Ta ce likita ba ya faɗa wa mutum irin wannan a gabansa, shi ya sa ya tsayar da ita. Wai ciwon yana can ciki, yakan zo ya tafi, daga launi yake farawa, ƙarshensa duhu. Ina gefensa, kalma biyar ta isa. Na buɗe baki, Mama ta kalle ni, na rufe.

Da muka iso gida bai shiga ɗaki ba. Ya lalubi tamfol ya yaye. Ya tsaya a gaban madigadin, hawayen maganin na zuba, ya daɗe. Sannan ya ce a hankali, "Yanzu kam ɗaya ne." Ya nemi gafarar Mama, wai ya zarge ta a ransa.

Zuwa yamma maganin ya sake shi, gani ya dawo tas, shuɗi biyun ma suka dawo. Amma an riga an gaya masa ciwon yakan zo ya tafi. Daga ranar, in ya ga bambancin sai ya ce ciwon ne ya motsa. Ya daina karanta lambar mota. Ya daina wanke motar, wai kada ya ƙwarzane ta bai sani ba. Ya samo sanda. Mutumin da ke hango rami a titi tun daga nesa ya koma ƙirga taku daga ɗakinsa zuwa famfo. In an miƙa masa kofi sai ya laluba kafin ya kama, alhali yana ganinsa, don bai ƙara yarda abin yana inda ya gan shi ba. Direbobin benci suka riƙa tashi suna ba shi wuri suna cewa sannu Kawu, Allah ya sawwaƙe. Mama ta riƙa kai masa abinci da kanta, tana yanka masa nama ƙanana. Wallahi a lokacin ta fi kula da shi fiye da duk shekarun baya, kuma ina ganin har ita ta fara yarda.

Ni ce 'yar jagora. In zai tsallaka titi ni yake kira. Hannunsa a kafaɗata, mu tsaya a bakin kwalta, in ji yatsunsa sun matse tun kafin ni in hango motar da ke tahowa. Ya gan ta. Sai ya tambaye ni ko akwai mota.

Wata na biyar kamfani ya ba Injiniya motar aiki, Baba ya ce a rabu da shuɗiyar. Wani dillalin motoci ya zo da hantsi, mutum mai tumbi da yawan magana, makullai na ƙara a aljihunsa. Dole aka fito da motar tsakar gida, aka yaye tamfol, rana ta sauka a kanta. Duk muna wurin. Kawu yana zaune a kujerarsa bakin ɗaki, sanda tsakanin gwiwoyi.

Dillalin ko zagayawa bai gama ba ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa madigadin da bayan yatsa, ya yi dariya. Ya ce wa ya yi musu wannan aikin, ai wannan ko daga ƙarshen layi an san an taɓa ta, shuɗin gaba daban na nan daban. Baba ya ce hasken rana ne. Dillalin ya ce Maigida ya bar wannan magana, shi da mota ya tsufa. Ya waiga neman mai goya masa baya, idonsa ya faɗa kan Kawu. An gaya masa tsohon direban gidan ne.

Ya ce, "Dattijo, kai da ka san ta, don Allah dubi nan. Ɗaya ne?"

Mama ta riƙe bakin mayafinta. Ni kuwa ina cewa a raina yau dai Allah ya kawo wanda zai faɗa. Kawu ya ɗaga kai ya dubi wurin. Na ga idonsa ya sauka daidai kan layin da launi biyun suka haɗu, bai kauce ko kaɗan ba.

Ya ce, "Ɗana, ni idona ya lalace. Tambayi Auta, ita ce idona yanzu."

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na durƙusa, na kama gwiwarsa, a gaban Baba da Mama da baƙo. Na ce ba ɗaya ba ne, Kawu, ba a taɓa yin ranar da suka zama ɗaya ba. Na ce tun safiyar farko na gani, kowa ya gani. Na ce likita bai ce komai a ɓoye ba, maganin ne, kuma na sani na yi shiru. Mama tana kiran sunana, Baba yana ce wa dillalin yarinyar ba ta da lafiya. Ban saurare su ba, na faɗi duka har muryata ta dushe.

Kawu ya lalubo kaina ya dafa.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta. Na san tausayina kike ji. Amma ba sai kin yi ƙarya don ki faranta mini ba."

Dillalin ya tafi da motar a ranar. Injiniya yana aikinsa, an ma ƙara masa girma. Baba har yanzu shi ake kira in za a sasanta rigima a layi, don an san shi da gaskiya. Mama tana gaya wa baƙi yadda take jinyar yayanta, suna sa mata albarka. Ba wanda ya ɗaga wa Kawu hannu a gidan nan, ba wanda ya zage shi, ba a taɓa hana shi abinci ba. In aka kai mu gaban alƙali ban san da wane suna za a kira abin da muka yi ba.

Na sake gaya masa sau ba adadi. Na kawo takardar likitan na karanta masa, na rantse da abin da zai kashe ni. Yakan saurara har in gama, ya gyaɗa kai, ya ce na gode. Jiya da safe ina shirin fita aiki ya kira ni daga bakin ɗakinsa, riga biyu a hannunsa, fara da baƙa. Yana kallonsu, ya ce in gaya masa wacce ce farar.